Montaillou: Ƙauyen da Littafin Alƙalinsa Ya Hana a Manta da Shi

A can kudancin Faransa, inda ƙasa ke fara hawa zuwa tsaunukan Pyrenees da suka raba ta da Sifaniya, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Montaillou. Yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,300, cikin lardin Ariège, dab da iyakar lardin Aude. Maƙwabtansa su ne Prades da Camurac. Garin da ya ɗan fi girma a kusa shi ne Ax-les-Thermes, kuma sai an ratsa mashigin dutse an gangara kafin a kai masa. Sanyi a nan yakan daɗe, dusar ƙanƙara takan rufe gonaki wata da watanni. Inabi ba ya yi a wannan tsayin, zaitun ma haka. Abin da ƙasar ke bayarwa shi ne ciyawa da itace da ɗan hatsi mai jure sanyi, shi ya sa tun fil azal dabba ce dukiyar mutanen wurin.

Mazaunansa na dindindin a yau ba su kai 40 ba. Duk da haka masana tarihi sun san yadda mutanen ƙauyen nan suka rayu shekara 700 da suka wuce, sun san wa ya auri wa, wa ke gaba da wa, me ake dafawa, me ake faɗa a bakin murhu bayan an rufe ƙofa. Manyan birane da yawa na wancan zamani ba su sami irin wannan shaida ba. Dalilin kuwa ba mai daɗi ba ne, kuma sai an bi tarihin daga tushe kafin a gane shi.

A ƙarni na 12, yankin yana hannun wani gidan sarauta da ake kira Alion, su ne suka gina ganuwa da hasumiya a kan tudun da ke saman ƙauyen. Cikin ƙarni na 13 ikon wurin ya koma hannun sarakunan Foix, ƙaramar masarauta mai cin gashin kanta a gindin tsaunuka. Mutanen nan ba Faransanci suke yi ba, harshensu Occitan ne. A wurinsu Faransa wata ƙasa ce can arewa, mai sarkinta da mutanenta. Hulɗarsu ta fi ƙarfi da Kataloniya da ke bayan dutse, inda suke kai tumaki, suke aure, suke cin kasuwa.

Tun a ƙarni na 12 ne wata aƙida ta bazu a kudancin ƙasar, wadda daga baya aka fi sanin mabiyanta da sunan Katharawa. Su dai suna kiran malamansu mutanen kirki. Koyarwarsu ita ce ruhi daga Allah yake, amma wannan duniya ta jiki da wahala aikin mugun ubangiji ce, kuma ruhi yakan yi ta yawo daga jiki zuwa jiki har sai ya sami tsira. Malamansu ba sa cin nama ko ƙwai ko cuku, ba sa kusantar mace, ba sa rantsuwa, ba sa tara dukiya. Talaka ba a ɗora masa wannan nauyi ba. Abin da yake fata shi ne idan ajali ya zo, a samo masa ɗaya daga cikin mutanen kirki ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'ar tsarkakewa, daga nan ya daina cin abinci har rai ya yi halinsa. Manomin da ke ganin malaman cocin Roma suna karɓar ushirar amfanin gonarsa suna hawa dawakai, in ya ga wani malami yana tafiya a ƙasa ba ya neman komai sai burodi, ba wuya zuciyarsa ta karkata. Har cikin gidan sarautar Foix aƙidar ta shiga: a 1204 Esclarmonde, 'yar'uwar sarkin, ta karɓi wannan tsarkakewa a bainar jama'a.

A watan Janairun 1208 aka kashe wakilin Paparoma, Pierre de Castelnau. Paparoma Innocent na III ya yi shelar yaƙi a kan masu wannan aƙida, mayaƙan arewa suka gangaro a 1209. A watan Yulin shekarar suka afka wa birnin Béziers suka yi kisan kiyashi. Ana cewa da aka tambayi jagoran addini na rundunar yadda za a bambance ɗan bidi'a da ɗan Katolika, sai ya ce a kashe kowa, Allah zai tantance nasa. Wannan magana wani marubuci ne da bai halarci wurin ba ya rubuta ta shekaru bayan haka, don haka zance ne da ake yi, amma kisan kansa tabbatacce ne. Yaƙin ya ci shekara 20, ya ƙare da yarjejeniyar 1229 wadda ta buɗe wa Sarkin Faransa ƙofar mallakar kudu. Abin da takobi bai gama ba sai aka miƙa wa alƙalami: a wajajen 1233 aka kafa kotun binciken aƙida, aka damƙa ta ga malaman ɗariƙar Dominikan.

Mafakar ƙarshe ta malaman ita ce ganuwar Montségur, wadda ba ta da nisa da Montaillou. An yi mata ƙawanya daga 1243 har ta faɗi a watan Maris 1244, aka ƙona mutum fiye da 200 da suka ƙi barin aƙidarsu. Takardun kotu sun ambaci cewa an fitar da dukiyar jama'ar a ɓoye kafin faɗuwar wurin. A kan wannan ɗan bayani ne mutanen baya suka gina labarai, wasu na cewa ƙoƙon da Annabi Isa ya sha da shi ne aka ɓoye, wasu na cewa wata Esclarmonde ta rikiɗe ta zama kurciya ta tashi daga kan dutsen. Waɗannan tatsuniyoyi ne, babu takardar zamanin da ta goyi bayansu.

Bayan Montségur an ɗauka magana ta ƙare. Sai ga wasu 'yan'uwa biyu daga Ax, Pierre da Guillaume Authié, mutane masu ilimi da rufin asiri, Pierre ma marubucin takardun shari'a ne. Sun bar komai a wajajen 1296 suka tafi arewacin Italiya, suka dawo kusan 1300 a matsayin malaman aƙidar. Suna tafiya da dare, suna kwana a rumbunan mutane, kuma babu inda suka sami karɓuwa kamar Montaillou.

Mutanen ƙauyen a lokacin tsakanin 200 ne zuwa 250, cikin gidaje kusan 40 da suka jeru a gangaren tudu ƙarƙashin ganuwa. Gida, wanda suke kira ostal, shi ne komai. Ya haɗa ginin da iyalin da gona da dabbobi da suna. Tsakiyarsa ɗakin girki ne, inda wuta ba ta mutuwa, naman alade na rataye a sama saboda hayaƙi ya busar da shi, tukunyar miyar kabeji na kan murhu. Dabbobi sukan kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mutane. Wanda ya samu hali yakan ɗora bene a kan ɗakin girkin, kowa kuma ya san ma'anar hakan. Idan maigida ya rasu, akan yanke ɗan gashinsa da farcensa a ajiye, don kada arzikin gidan ya bi shi kabari. Amalanke ba ya hawa can, alfadari ne ke kawo giya da gishiri da mai daga kwari, ya sauka da itace. Hatsi sai an kai Ax a niƙo. Mata ke ɗebo ruwa a ka. Akwai masaƙi, akwai baduku, sauran duk manoma ne da makiyaya. Wanka ba ya cikin al'adarsu sosai, amma cire ƙwarƙwata babban sha'ani ne na zumunci: uwa ta cire wa ɗa, suruka ta cire wa mijin 'yarta, a zauna a hantsi a kan rufin ɗaki ana yi ana hira, kuma a irin wannan zama ne ake ƙulla aure, ake yaɗa aƙida, ake sakin maganar da za ta kai mutum kurkuku bayan shekara 20.

Mulkin ƙauyen hannu uku ne. Akwai mai tsaron ganuwa, wakilin soja na Sarkin Foix. Akwai wakilin gari, wanda suke kira bayle, ɗan ƙauyen ne da ke karɓar haraji, ya sasanta ƙananan rigingimu, ya kama wanda aka ce a kama, ya ƙwace kayan wanda aka hukunta. Sai limamin coci, mai karɓar ushira, mai sauraron asirin kowa. A Montaillou na 1300, mai tsaron ganuwa, Bérenger de Roquefort, ya rasu ya bar matarsa Béatrice de Planissoles. Sauran muƙaman biyu kuwa suna gida ɗaya: Bernard Clergue ne wakilin gari, ɗan'uwansa Pierre Clergue ne limami. A ganina nan ne zuciyar tarihin ƙauyen take. Sarki yana Foix, bishop yana Pamiers, Paparoma yana can nesa, babu ɗayansu da ya san hanyar gidan kowa. Ikonsu ta hannun maƙwabci yake shigowa, kuma maƙwabcin yana da nasa lissafin.

Pierre Clergue yana jagorantar ibadar Katolika ranar Lahadi, a ɓoye kuma yana tare da Katharawa, kamar yadda iyayensa suke. Ya nemi matan ƙauyen da dama, har da Béatrice, yana amfani da tsoron kotu wajen rufe bakinsu. Shi da ɗan'uwansa sun yi shekaru suna kare ƙauyen daga masu bincike, sai dai kariyar tana da farashi, domin duk gidan da ya yi gaba da su sunansa ne zai isa kotun binciken aƙida ta Carcassonne. Wata mata mai suna Mengarde Maurs ta faɗi abin da ta sani game da limamin, aka yanke mata harshe. 'Ya'yan gidan Maurs suka tsere bayan dutse da alwashin ramuwa.

A 1308, wasu masana na cewa 1309, babban mai binciken Carcassonne, Geoffroy d'Ablis, ya sa aka kewaye ƙauyen aka kama duk wanda ya mallaki hankalinsa. Yara da tumaki kawai aka bari. Wasu mata sun tsira ta hanyar ɗora burodi a ka, suka wuce masu gadi kamar baƙi ne masu wucewa. An rushe gidaje, an ƙwace gonaki, an ɗaure wasu, wasu aka sallame su da hukuncin ɗinka gicciye ruwan ɗorawa a gaba da bayan riga, ta yadda duk kasuwar da suka shiga an san su. An ƙona Pierre Authié a Toulouse a 1310. Gidan Clergue kuwa ya fita lafiya, har ya ƙara ƙarfi.

Sai 1317, aka naɗa Jacques Fournier bishop na Pamiers. Ɗan yankin ne, haifaffen Saverdun, yana jin harshen mutanen, ya san yadda suke kewaye magana. Daga 1318 zuwa 1325 kotunsa ta zauna kwana 370, ta yi zaman tambayoyi 578 a kan mutum 114, kuma 25 daga cikinsu 'yan Montaillou ne. Bai cika azabtarwa ba. Haƙuri ne makaminsa: ya bar mutum ya yi ta zuba, ya tambaye shi wa ke zaune kusa da wuta a daren, me aka ci, wa ya shigo daga baya, sannan ya gwada da abin da maƙwabci ya faɗa. Mutane suna magana da Occitan, magatakarda na juyawa zuwa Latin. A lokaci guda kuma bishop ɗin yana matsa wa makiyaya kan ushirar 'yan raguna da cuku, abin da ya sa ƙin biyan haraji da bidi'a suka zama kusan laifi ɗaya a idon kotu.

A 1320 aka kira Béatrice. Ta yi yunƙurin gudu aka kamo ta, kuma bayaninta ne ya tone asirin limamin. Aka kama Pierre Clergue, ya mutu a tsare. Bernard ya ce ya kashe sule 14,000 na kuɗin zamanin wajen neman manya su sa baki, bai yi nasara ba, shi ma aka ɗaure shi a 1324 ya mutu a kurkuku. Mutum biyar kotun Fournier ta miƙa aka ƙona, ɗaya daga cikinsu, Guillaume Fort, ɗan Montaillou ne.

Cikin duk waɗanda suka yi bayani, wanda ya fi shiga raina shi ne makiyayi Pierre Maury, ɗan masaƙin ƙauyen. Tun yana matashi ya bar gida ya shiga kiwon haya. Da zafi suna kan tsauni, shi da abokan aikinsa a bukka ɗaya suna tatsa suna yin cuku, da sanyi ya kawo jiki su kora garken zuwa filayen Kataloniya, kamar dai yadda Fulani ke bin ciyawa da ruwa daga damina zuwa rani. A can ya yi cuɗanya da Musulmin da suka rage ƙarƙashin sarakunan Kirista. Bai mallaki gida ba, abin da ya samu yakan kashe wa abokai, kuma ya gaya wa masu yi masa faɗa cewa abin da aka ƙaddara masa ba zai wuce shi ba. Ya riƙe amanar Guillaume Bélibaste, malamin Katharawa na ƙarshe da aka sani a yankin, duk da cewa malamin ya sha cutarsa, har ya sa shi auren 'yan kwanaki da wata mata don ya rufe cikin da shi malamin ya yi mata. Wanda ya ci amanar Bélibaste shi ne Arnaud Sicre, wanda aka ƙona mahaifiyarsa aka ƙwace gidansu na Ax. Gidan yake so a mayar masa, sai ya yi wa bishop aikin leƙen asiri, ya yaudari malamin ya ƙetaro da shi. An ƙona Bélibaste a Villerouge-Termenès a 1321. Ana cewa kafin ya mutu ya yi annabcin cewa bayan shekara 700 aƙidar za ta sake tohowa, amma wannan zance ne na mutanen baya-bayan nan, ba ya cikin takardun shari'ar. Pierre Maury kuwa an yanke masa ɗauri a 1324.

Fournier ya ci gaba da hawa har ya zama Paparoma Benedict na XII a 1334, yana zaune a Avignon. Ya sa an kwafe littafin shari'unsa da kyau, kuma kwafin na nan a ɗakin karatu na Vatican.

Daga nan ƙauyen ya koma cikin shiru na ƙarnoni. Annobar 1348 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun rage shi: ƙidayar ƙarshen ƙarni na 14 ta nuna gidaje 23, mutum wajen 100. Masarautar Foix ta bi ta gado har ta faɗa hannun Henri na Navarre, wanda ya zama Sarkin Faransa a 1589, aka haɗe ta da masarautar Faransa a 1607. Yarjejeniyar Pyrenees ta 1659 ta tsayar da iyaka da Sifaniya, ganuwar ta rasa amfaninta ta zama kango, mutane suka sauko da gidajensu ƙasa kaɗan.

Babban sauyin mulki ya zo da juyin juya halin 1789. Dokar 14 ga Disamba ta shekarar ta mai da kowane gari da kowace unguwar coci ƙaramar hukuma mai majalisa da magajin gari, a 1790 aka yanka lardin Ariège, a 1792 aka karɓe rajistar haihuwa da aure da mutuwa daga hannun limami aka ba magajin gari. Napoleon ya kawo perefe a 1800, wakilin gwamnati a kowane lardi. Mai karatu daga Nijar ya san wannan tsari na komin da magajin gari da perefe, domin daga nan aka kai shi can. Sai dai sabuwar gwamnati ma ta zo da nata nauyin. Dokar gandun daji ta 1827 ta hana talakawa kiwo da saran itace a dazukan da kakanninsu suka dogara da su, har a 1829 manoman Ariège suka tayar da bore suna shigar mata suna shafa baƙi a fuska suna korar masu gadin daji. Lardin ya kai ƙololuwar yawan jama'a, kimanin 270,000, a 1846. Sai cutar dankali, sai kwalarar 1854, sai hanya da jirgin ƙasa suka nuna wa matasa Toulouse da Marseille. Dokokin 1881 da 1882 sun kawo makarantar gwamnati kyauta kuma dole, da Faransanci zalla, Occitan ya fara ja da baya zuwa bakin tsofaffi. Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya ɗebi samarin ƙauyukan tsauni. Abin da kotun bincike da annoba ba su yi wa Montaillou ba, albashin birni ya yi masa cikin ƙarni ɗaya, ba tare da an ɗaga wa kowa hannu ba.

A 1965 Jean Duvernoy ya buga littafin Fournier da Latin ɗinsa. A 1975 masanin tarihi Emmanuel Le Roy Ladurie ya ɗauke shi ya tace, ya fitar da littafi mai sunan ƙauyen, wanda ya sayu fiye da yadda kowa ya zata, aka fassara shi zuwa harsuna da yawa. Wasu masana sun yi masa gyara, kuma suna da hujja: maganar da mutum ya yi a gaban wanda zai iya ƙona shi, aka kuma juya ta zuwa wani harshe, ba a ɗaukarta kamar hirar dandali. Duk da haka muryoyin sun fito, kuma na talakawa ne waɗanda ba su iya rubuta sunansu ba.

Yau Montaillou ƙaramar hukuma ce cikakkiya a yankin Occitanie, ƙarƙashin gundumar Foix. Doka ta ba ƙauyen da bai kai mutum 100 ba kujeru 7 a majalisa, ana zaɓe duk shekara 6, kansilolin su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Shi ke ɗaura auren hukuma sanye da ɗamara mai launin tutar ƙasa, shi ke kula da maƙabarta da hanyoyin gari da share dusar ƙanƙara da ginin coci, wanda dokar 1905 ta bar wa ƙananan hukumomi. Ayyukan da suka fi ƙarfin aljihunsa, irin su kwashe shara, ana yin su ne cikin haɗakar ƙauyukan Haute-Ariège. 'Yan makiyayan da suka rage suna hawa da shanu da tumaki kan tsauni da zafi. Gidaje da yawa a rufe suke sai lokacin hutu, sa'ad da jikokin waɗanda suka tafi birni da baƙi masu littafi a hannu ke zuwa su hau kangon ganuwa. Sunan Clergue ma bai ɓace daga ƙauyen ba har zamaninmu.

Faransa na da ƙananan hukumomi kusan 35,000, kuma gwamnati ta daɗe tana ƙarfafa ƙanana su haɗe don rage kashe kuɗi. Hujjar tana da ƙarfi, tun da har sai da dokar 2019 ta yarda majalisar ƙaramin ƙauye ta zauna da mutum 5 in an rasa 7. Amma ni ina ganin a bar wa irin su Montaillou majalisarsu. Ƙauyen ya yi ƙarnoni ana naɗa masa wakili daga Foix da Pamiers ba tare da an tambaye shi ba. Yanzu mutanensa ke zaɓen nasu, suna iya sauke shi bayan shekara 6, kuma sa hannun magajin garinsu na iya shiga cikin sa hannu 500 da mai neman shugabancin Faransa ke buƙata, daidai da na magajin garin Paris.